Rumbun Hotunan Bakin Iyaka: A Buɗe wa Kowa ko a Sa Masa Mai Gadi?

Duk wanda ya rubuta sunan Jibiya, garin jihar Katsina da ke bakin iyakar Nijar, a intanet ya nemi hotuna, abin da zai fara cin karo da shi sananne ne. Buhunan shinkafar waje da jarkokin fetur da jami'an kwastan suka jera a gaban 'yan jarida, gidajen da ambaliyar watan Yulin 2018 ta rusa, sojoji a bayan mota, mata da yara da suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga. Babu ƙarya a cikin waɗannan hotuna. Ambaliyar ta ci rayuka masu yawa cikin dare ɗaya, hare-haren kuma ciwo ne da mutanen yankin suka sani a jikinsu. Amma mutumin Farfaru ko Magama ko Faru, a yankin Jibiya, ya san ƙasarsu ta fi wannan faɗi. Ina kasuwar Lahadi da ke haɗa Katsinawa da Maraɗawa? Ina masunta a madatsar ruwan Jibiya da masu noman rani a gefenta? Ina jar akuyar Maraɗi, da buhunan aya da wake da ke tsallakowa daga Nijar, da masu canjin naira da sefa, da masu shayi da ke ciyar da direbobi a bakin shinge?

Babu wanda wannan giɓi ya fi damu kamar matasan da ke zanen fosta da kalanda da katin biki a kwamfuta. Suna da yawa a Katsina, wasu a shagunan buga takardu suna aiki da CorelDraw, wasu kuwa wayar hannu ce shagonsu, da Canva ko PixelLab. Ƙungiyar manoma za ta kawo aikin bana, makarantar Islamiyya ta kawo na walimar sauka, ɗan kasuwa ya ce a yi masa tallar taki. Mai zane ya shiga rumbunan hotuna na kyauta ya nemi manomi, sai a miƙo masa mutumin Kenya a gonar ganyen shayi. Ya nemi kasuwa, a ba shi 'yar Gana da tiren ayaba a ka. In ya yi sa'a ya sami Bahaushe, to a kan doki yake, ranar hawan sallah. Ƙarshenta ko dai ya liƙa baƙuwar fuska a kan aikin gida, ko ya kwashi hoton wani daga Facebook ba da sanin mai shi ba.

Daga nan tunanin yake tasowa. Me zai hana ɗaya daga cikin waɗannan matasa, bayan ya rufe shago da yamma, ya riƙa tattara hotunan yankin daga hannun masu ɗauka, ya tace su, ya jera su kashi-kashi, ya ɗora inda duk mai zane zai shiga ya sauke? Irin wannan aikin gefe yana da asali a duniya. A shekarar 2013 Mikael Cho, mai wani ƙaramin kamfani a birnin Montreal na Kanada, ya sa an ɗauki hotuna domin shafin kamfaninsu. Da aka gama, sai ya ɗora ragowar guda goma a Tumblr ya ce duk mai so ya ɗauka, ya kuma yi alkawarin ƙaro goma duk bayan kwana goma. Wannan shi ne mafarin Unsplash, wanda yau ke ɗauke da miliyoyin hotuna. A 2017 Jacques Bastien ya buɗe Nappy a Amurka domin hotunan baƙar fata kyauta, a shekarar ce kuma Karen Okonkwo, mai asali da Najeriya, da Joshua Kissi, mai asali da Gana, suka kafa TONL, su kuma na kuɗi. Masu Nappy da TONL abu ɗaya ya tunzura su: sun nemi fuskokin mutanensu sun rasa.

To, tambayar ita ce, in aka yi irin wannan rumbu domin Farfaru da kewayenta, a bar shi a buɗe kowa ya ɗiba, ko kuwa a sa masa mai gadi? Ko ma kada a yi shi gaba ɗaya?

Masu cewa a buɗe suna da hujja mai ƙarfi, kuma ban ga hanyar kauce mata ba. Suna cewa gani ya kori ji. Ɗan kasuwar Legas ko jami'in wata ƙungiya a Yamai da bai taɓa zuwa Jibiya ba, da idon intanet yake kallonta, kuma da abin da ya gani yake yanke shawarar ko zai aiko kaya ko ba zai aiko ba. Muddin hoton da ya fi sauƙin samu shi ne na tashin hankali, shi za a ci gaba da bugawa, ko da labarin na noman albasa ne. Editan da ke sauri ba mugunta ce ke sa shi zaɓar hoton soja ba, shi ne a kusa da hannunsa. Maganin hakan, in ji su, shi ne a sa kyakkyawan hoto ya fi mummunan kusa. Sun ga abin da shirin Everyday Africa ya yi tun 2012, lokacin da Peter DiCampo da Austin Merrill suka fara yaɗa hotunan rayuwar yau da kullum da aka ɗauka da waya, sun kuma ga yadda gasar Wiki Loves Africa, tun 2014, take cika rumbun Wikimedia Commons da hotunan abinci da sutura da sana'o'in nahiyar, har Hausawa masu aikin Wikipedia suna ba da nasu kason. Kuɗi kuwa shinge ne. Yaron da ke karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan katin biki, ba zai sayi hoto ba, satarsa zai yi. Gara a ba shi da halas.

Akwai hujja ta biyu da ta fi taɓa ni, wato ta tarihi. Iyakar Najeriya da Nijar ba ta daɗe ba. Tsakanin 1906 da 1908 ne tawagar haɗin gwiwa ta Turawan Ingila da na Faransa ta bi ta kafa duwatsun alama, ta raba ƙasar da mutanenta dangin juna ne, domin ita kanta Maraɗi sarakunan Katsina na da ne suka koma can bayan jihadi, har yau kuma sarautar ana kiranta Sarkin Katsinan Maraɗi. A 'yan shekarun nan kaɗai iyakar ta ga abubuwa. An rufe ta a watan Agustan 2019 a zamanin Shugaba Buhari, ba a buɗe ƙofar Jibiya ba sai Afrilun 2022, fiye da shekara guda bayan an buɗe ta Illela da ta Maigatari. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Najeriya ta ba da umarnin buɗewa. Yaya tashar mota take a waɗannan watanni? Yaya rumfunan masu abinci suka kasance da aka daina jin ƙarar manyan motoci? Hotunan suna nan warwatse a cikin wayoyin mutane, waya kuwa tana lalacewa, tana ɓacewa, ana sayar da ita. Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, da zai ratsa ta Jibiya. Duk ranar da jirgi ya fara tsayawa, fuskar garin za ta sauya. Wanda bai ajiye hoton yau ba, jikansa ba zai san yadda aka yi zaman nan ba.

A ɗaya ɓangaren, mutum na farko da zai ɗaga hannu shi ne mai hoto. Shi ya sayi kyamara, shi ya sha rana, shi ya biya kuɗin mota, sannan a ce ya bayar kyauta domin wani ya yi wa ɗan siyasa fosta ya karɓi kuɗi? Sana'ar ma ta riga ta sha kashi tun da kowa ya zama mai hoton kansa da waya, abin da ya rage wa da yawa shi ne biki da suna da hoton fasfo. Lasisin Unsplash bai ma tilasta wa mai sauke hoto ya ambaci sunan wanda ya ɗauka ba, kuma tun farko ƙwararrun masu hoto a Turai da Amurka sun yi ta kokawa cewa kyautar wasu tana karya farashin wasu. Wannan kuka gaskiya ne. Sai dai in aka ce mai hoton Jibiya ya kai kayansa babbar kasuwa ya sayar, can ma babu romo sosai. A watan Yunin 2020 Shutterstock ya sauya tsarin biyan masu kawo hotuna, har abin da ake ba mutum a kan saukewa ɗaya ya iya sauka zuwa santi goma na dalar Amurka. Saboda haka rumbun gida ba ƙwace masa wata kasuwa zai yi ba, domin kasuwar ba ta taɓa kasancewa a hannunsa ba. Abin da yake da haƙƙin ya dage a kai shi ne sunansa a jikin aikinsa, da rabonsa duk lokacin da mai kuɗi ya zo. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, tana tare da shi a kan wannan. Na ɗauki wannan saɓani a matsayin wanda za a iya sasantawa a zama ɗaya.

Wanda ba ya sasantuwa da sauƙi shi ne na mutumin da ke cikin hoton. A nan ne nake ganin masu sha'awar koyi da Unsplash suke tsallake wani abu babba. Hotuna goman Mikael Cho ba su jefa kowa cikin haɗari ba. Jibiya kuwa wuri ne da, a watan Satumban 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a cikinsa tare da wasu ƙananan hukumomi 12 na jihar Katsina, domin a toshe hanyar da masu kai rahoto ke sanar da 'yan bindiga motsin mutane. Inda labari zai iya jawo sace mutum, hoto ma labari ne. Dillalin shanu da aka ɗauka yana ƙirga kuɗi a kara, an nuna wa duniya fuskarsa da abin da ke aljihunsa. Kyakkyawan garke a bakin rafi, ko da babu fuskar makiyayi, ya faɗi inda shanu suke kwana, ballantana ma wayoyi da yawa suna liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi ba tare da mai wayar ya lura ba. Ɗan sa-kai da aka ɗauka a bakin gari, an sa shi a ido. Matashin da ke kan babur da jarkoki, wataƙila ruwa ya ɗebo, wataƙila fetur ne, domin tun da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, jarka ta zama abin zargi. Mai hoto ya ga kyan haske da ƙura, wani kuma shaida zai gani.

Ko an ajiye batun tsaro, akwai na mutunci. Dattijuwar da ke sayar da daddawa in ta ce, “Ɗana, ina za ka kai hotona?”, amsar gaskiya ita ce mai ɗaukar bai sani ba. Zai iya fitowa a kalandar asibiti, zai iya fitowa a tallar maganin basir, ko a kan labarin yunwa a wata jarida da ba ta taɓa jin sunanta ba, alhali tana da rufin asirinta. Budurwar da aka ɗauka a wurin biki za ta yi aure, kuma a ƙasarmu hoton matar aure a jikin fosta ba ƙaramar magana ba ce a gidan miji. Akwai kuma mutanen da, bisa fahimtarsu ta addini, ba sa son hoto in ba da larura ba, ra'ayinsu kuma abin girmamawa ne ko da wasu malamai sun sassauta. Wannan damuwa ba tamu ce mu kaɗai ba. A 2007 wata matashiya a jihar Texas ta Amurka ta tsinci hotonta a allunan tallar kamfanin Virgin Mobile a Ostireliya, da rubutu na zolaya a kai. Wani da ta sani ne ya ɗora shi a Flickr da lasisin Creative Commons. Iyayenta sun kai ƙara, kotun Amurka ta ce ba ta da hurumi a kan kamfanin da ke wata ƙasa. In iyalin da ke da lauya a Amurka sun dawo hannu rabbana, mai daddawa fa? Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 tana nan a rubuce, amma daga Farfaru zuwa inda ake aiki da ita tafiya ce mai nisa. Lasisin Creative Commons kuma ba a janye shi daga wanda ya riga ya karɓa. Hoton da aka saki ta wannan hanya zarar bunu ne.

Masu son buɗewa za su amsa cewa ai ƙin yin rumbun bai kare kowa ba. Ana ɗaukar mutanen Jibiya hoto kullum, ana watsawa a WhatsApp da TikTok, babu wanda ya tambaye su. Haka ne. Amma akwai bambanci tsakanin hoton da ke yawo a waya, wanda duk kamfanin da ya san ciwon kansa zai ji tsoron bugawa, da hoton da aka jera aka rubuta a ƙasansa cewa halas ne a yi talla da shi. Mai rumbu ya sa hannu, ya ce ya lamunce. Nauyin ya hau kansa.

Batun ƙirƙirarriyar basira ma kowane ɓangare yana jan sa gefensa. Manhajojin da ke zana hoto daga rubutu da hotunan intanet aka koyar da su, don haka idan babu hularmu da zanenmu da ginin ƙasarmu a can, abin da za su zano a matsayin Bahaushe haɗe-haɗe ne na kayan wasu. Wannan dalili ne na a ɗora. Amma kuma duk abin da aka ɗora a fili injuna za su haɗiye, mai hoto bai sami ko sisi ba. Getty Images da girmansa sai da ya kai kamfanin Stability AI kotu a 2023 a kan wannan. Ban ɗauki wannan a matsayin abin da zai raba gardamar ba.

Ni dai inda na tsaya shi ne a yi rumbun, amma kada a kwafo tsarin kowa ya ɗora kowa ya ɗiba. Darajar aikin tana wurin mai tacewa, kuma rabin aikinsa ƙin karɓa ne. Dole ya zama ɗan ƙasa, ko ya jingina da 'yan ƙasa, wanda zai kalli hoto ya ce wannan gidan wane ne, ba za a nuna ƙofarsa ba, wannan hanyar ba a fallasa ta. Mai zane da ke zaune a Abuja ba zai ga abin da ɗan Farfaru zai gani ba. Hotunan da babu mai cutuwa da su suna da yawa ƙwarai, kuma su ne ma masu zane suka fi buƙata: tulin aya da gero a faifai, hannun maƙeri a kan uwar maƙera, kilishi a shanya, tabarmi da tukwane, faɗuwar rana a kan madatsa, damin dawa bayan girbi. Waɗannan a goge bayanin wuri daga jikinsu, a sake su kyauta, da sharaɗin ambaton mai hoto.

Fuskoki kuwa su zauna a ɗaki na biyu, sai an nema an faɗi abin da za a yi da su. Amincewar mai fuska kada ta zama dangwale a kan takardar Turanci da bai karanta ba. A yi masa bayani da Hausa, a nuna masa misalin fosta a waya, a faɗa masa cewa ba za a ba ɗan siyasa ko mai maganin gargajiya ko mai labarin ta'addanci ba, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in ya sauya ra'ayi. Yara sai da yardar iyaye. Banki ko kamfanin waya ko ƙungiyar agaji ta waje da ke son hoton, su biya, a raba tsakanin mai hoto da mai fuska da abin da zai riƙe rumbun. Na san wannan zai sa aikin ya yi tafiyar hawainiya, rumbun kuma ba zai taɓa zama na miliyoyi ba. Hoto ɗari biyar da aka san asalin kowanne sun ishi masu zanen Katsina da Maraɗi aiki na shekaru.

Akwai wani abu da ɓangarorin biyu ba su cika tsayawa a kai ba, wato ranar da mai aikin gefen zai gaji. Zai yi aure, zai sami aiki a wani gari, kuɗin data da na ajiyar shafi za su yi masa nauyi. Ko kuma akasin haka, abin ya yi kyau har mai kuɗi ya taya. Unsplash, da dubban mutane suka cika da kyautarsu, Getty Images ya saye shi a 2021, kamar yadda Canva ya sayi Pexels da Pixabay a 2019. Carol Highsmith, mai hoton Amurka da ta sadaukar da dubban hotunanta ga Laburaren Majalisar Dokokin ƙasar domin jama'a, wata rana takarda ta same ta ana neman ta biya dala 120 saboda ta yi amfani da hoton da ita ta ɗauka. Ta kai Getty ƙara a 2016, kotu ta kori manyan buƙatunta saboda ta riga ta saki haƙƙinta. Don haka tun kafin a ɗora hoton farko, a rubuta cewa kowane hoto na wanda ya ɗauka ne, mai rumbu amana aka ba shi, ba shi da ikon sayar da ita a dunƙule. A kuma ajiye kwafi a hannun wata cibiya da za ta fi mutum ɗaya daɗewa, kamar sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina ko takwararta ta Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, bisa sharuɗɗan da aka yi wa masu fuskokin alkawari.